Robar Magani da Ledar Burodi

A gidanmu ba a yar da mazubi. Gwangwanin madara in ya ƙare sai ya koma na sukari, robar man shafawa ta zama ta gishiri, kwalbar lemo kuwa sai ta shekara tana ɗaukar man gyaɗa. Haka na taso na ga ana yi a gidan mahaifina a Majidaɗi, haka kuma na tarar a gidan mijina a Mayo Gwoi. Baƙon da ya shiga kicin ɗina ya ga an rubuta shayi a jikin gwangwani, kada ya kuskura ya yarda, barkono ne a ciki. Ban taɓa ɗaukar wannan hali a bakin komai ba, sai shekarar da 'yata ta cika tara.

Ita ce ta fari, don haka ko a nan ba zan kira sunanta ba. Tun da aka yaye ta cikinta bai zauna lafiya ba. Gudawa yau, kumburi gobe, ga ƙafafu kamar sillen kara. Kowa ya zo da nasa sanin. Wannan ta ce haƙori ne, waccan ta ce shawara, wani ya ce tsutsar ciki. Mun ba ta jiƙo har na daina tambayar sunayen itatuwan. Sai da ta kai shekara bakwai wani likita a nan Jalingo ya tura mu babban asibiti a wata jiha, tafiyar yini guda a mota. A can aka ɗebi jininta, sannan aka zura mata wata igiya mai kyamara ta baki har cikin hanji. An yi mata allurar barci, amma ta ga igiyar kafin barcin ya ɗauke ta, kuma ta ga ni ce na riƙe mata hannuwa. Da ta farka maƙogwaronta na ciwo, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A motar dawowa na yi mata alkawarin ba za a sake yi mata wannan ba. Na san bai kamata in yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, amma na yi.

Sakamakon ya ce siliyak ce. Likitan ya yi mana bayani da Hausarsa ta asibiti: akwai wani abu a cikin alkama da sha'ir, gulutin, wanda hanjinta ke faɗa da shi har ya ji wa kansa rauni, abinci ya riƙa wucewa bai amfane ta ba. Babu allura, babu ƙwaya. Maganin kawai kada alkama ta sake shiga bakinta, ko ƙanƙanuwa.

Na ji daɗi a ranar, don na zaci abu mai sauƙi ne. Mu mutanen tuwon masara da doya ne, ina ruwanmu da alkama? Ashe tana ko'ina. Ban da burodi da taliya da cincin da kowa ya sani, tana cikin ɗanwake, tana cikin wainar bakin hanya da ake ƙara wa fulawa don ta yi auki, tana cikin wasu dunƙulen ɗanɗano na miya. Na koma mai karanta jikin kowace leda a kasuwa, ina tsaye ina ƙanƙance ido masu shago suna jirana. Na ware mata tukunyarta da muciyarta da rariyarta. Har mai injin niƙa na unguwarmu, wani dattijo Mumuye mai yawan dariya, muka yi yarjejeniya da shi: ranar Litinin da sassafe zai wanke injin, masarata ce farkon shiga. Na zama fitinanniya a gidajen biki, na sani, kuma ban damu ba.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigida, da yarinyar, da surukata, wadda kowa ke kira Dada. Bafulatana ce doguwa, marar yawan magana, ba ta yi boko ba. Abu ɗaya na san tana so a duniya, shayi mai kauri da burodi da safe. Da muka dawo da labarin cutar, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, “To. Yanzu burodi ma ya zama ciwo.” Ni kuma na riƙe maganar a raina.

Ni malamar firamare ce a Sarkin Dawaki, kafin bakwai na fita neman Keke, don haka karin kumallon yarinyar a hannun Dada yake. Ita ce kuma ta sa mata wani awarwaron azurfa a hannun hagu. Lokacin da aka sa shi, in yarinyar ta ɗaga hannu sai ya zame har ya wuce gwiwar hannu. Dada ba ta san kilo ba, da awarwaron take awo. Bayan wata shida da barin alkama ya daina wuce gwiwar. Bayan shekara ya riƙa tsayawa a tsakiyar hannu. Kumatu suka fito, ta fara tsalle-tsalle da tsiwa, har na fara yi mata faɗan da ban taɓa samun damar yi ba.

A daminar shekarar da ta cika tara ta yi taifot. An ba ta magani mai ƙarfi, zazzaɓin ya tafi, amma ya bar ta da lalacewar ciki. Likitanmu na nan, wanda ya fara tura mu can, ya ce maganin ya kashe har ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, ya rubuta mana wani kafso da ake kira furobayotik. Bai bar ni na fara ba ta ba sai da na sayo na kawo masa. 'Yar farar roba ce mai koren murfi. Ya juya ta, ya karanta ƙananan rubutun tsaf, ya nuna mini inda aka ce babu gulutin.

“Malama, wannan ba maganin siliyak ba ne, taimako ne kawai,” in ji shi. “Kuma ba duka ne suka dace da ita ba. Wasu ana haɗa su da garin alkama ko sha'ir. Duk wanda za ki ba ta, a karanta tukuna.”

Na ce masa ai ni gwanar karatun leda ce, muka yi dariya.

Yarinyar ba ta iya haɗiye kafso, sai Dada ta riƙa buɗe shi tana zazzage garin a cikin kunun gyaɗa in ya huce. Cikin ya daidaita. Da robar ta ƙare na ga ai abin ya karɓe ta, me zai hana a ci gaba? Ban koma wurin likita ba. Na biya wani kemis a hanyata ta dawowa daga makaranta, na nuna wa mai shagon robar. Ya ce wannan ya yanke a gari.

“Amma akwai ɗan'uwansa, anti. Same thing ne, kamfani ne kawai daban.”

Ya sauko da wata babbar roba daga saman kanta, ya ƙirgo mini fararen kafso a 'yar leda, ya ja layi ɗaya da biro a jikinta, alamar sau ɗaya a rana, kamar yadda ake sayar da kowane magani a garin nan. Hadari ya haɗo, mai Keke yana ta yi mini oda. Da na isa gida na ga ledar za ta sha damshi, ga kuma roba mai kyau da murfinta babu komai a ciki. Na juye su, na rufe, na mayar kan firji inda Dada ta saba ɗauka. Ni da nake karanta jikin ledar gishiri, ban tambayi abin da ke jikin babbar robar nan ba. An ce mini iri ɗaya ne, na gan su farare kamar na da, shi ke nan maganar ta fita daga kaina.

Wajen mako uku bayan haka ciwon ya fara dawowa. Da farko kumburi, sai gudawa, sai ta daina cinye abincinta. Ta koma kwanciya a kan tabarma bayan makaranta. Wata rana tana miƙa hannu za ta karɓi kofi na ga awarwaron ya gangara ya daki gwiwar hannunta.

Ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na fara da mai injin niƙa. Na same shi da safe a gaban mutane na ce ya ci amanata.

“Madam, ni yana wanke shi,” ya ce, yana nuna mini bokiti da tsumma. “Kowane Monday. Yarinya nan kamar jika na ne. In ni ya manta, Allah yana gani.”

Ban saurare shi ba. Na koma surfa masara a turmi ina kai ta wani injin da ba a niƙa komai sai masara, can bayan gada. Ba abin da ya canza. Na je makarantarsu na titsiye malamarsu a kan ko wata ƙawa tana ba ta biskit. Na zubar da yajina, na canza man girki. Yarinyar dai sai ramewa take.

Muka koma wurin likita. Ya tambaye ni duk abin da take ci, na lissafa. Ya ce magani fa? Na ciro robar nan mai koren murfi daga jaka na miƙa masa. Ya sake karantawa, ya ce wannan ba shi da matsala. Wallahi ba ɓoye masa na yi ba, ko kaɗan zancen kemis bai zo mini ba. Ya kalli takardar awonta, sannan ya ce in har da gaske alkama ba ta shiga bakinta kuma tana ramewa haka, to dole a koma can a sake zura kyamara, a duba ko akwai wani abu daban. Ya rubuta mana takarda, ya ce mu tafi ranar Litinin ta sama.

Yarinyar tana zaune tana ji. Ba ta yi kuka ba. A cikin Keke ta ce, “Umma, kin ce ba za a sake ba.” Kalmar nan ta wani abu daban ita ta fi tsaya mini a rai. Siliyak na san ta, mun shekara biyu muna zaune da ita. Abin da ban sani ba shi nake tsoro.

A cikin wannan hali ne na shiga ɗakin Dada neman tsintsiya, na hango ledar burodi a ƙarƙashin matashinta, a ƙulle, da abu a ciki. Ban taɓa ta ba. Ganin rubutun kawai ya ishe ni. Na tuna maganarta ta ranar farko, na tuna ita ce ke tare da yarinyar kowace safiya. Na fito tsakar gida inda take tsintar shinkafa, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan, na tsaya a kanta ban durƙusa ba.

“Dada, in kina ba ta burodi ki gaya mini. Gara in sani da a kai ta a sake wahalar da ita.”

Ta ɗago ta dube ni. Na ƙara da cewa ba kowane so ne alheri ba, wani so ɗin kisa ne. Har yau in na tuna wannan jimlar sai in ji kunya ta rufe ni. Dada ta mayar da kanta kan farantin ta ci gaba da tsinta. Maigida da ya dawo ya ji, bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, “Uwata kika faɗa wa haka?” Ya fi faɗan zafi. Kwana huɗu gidan ba daɗi. Ina gaishe ta tana amsawa, iyakarmu ke nan.

Ranar Asabar ba makaranta, ina ɗaki ina haɗa kayan tafiya, ta yi sallama a bakin ƙofa. Ba ta saba shiga ɗakina ba. Tana riƙe da robar maganin.

“Kawo hannunki,” ta ce.

Na miƙa. Ta buɗe kafso ɗaya da faratanta ta zazzage mini a tafin hannu.

“Sansana.”

Na sansana. Wani ɗan ƙamshi ne mai zaƙi-zaƙi, wanda na sani amma na kasa kamawa.

“Tsiro ne,” in ji ta. “Hatsi da aka jiƙa ya tsira, irin na kunun zaƙi. Na farko fari ne tas, ba ya ƙamshin komai. Wannan ya yi ja kaɗan. Ni ban iya karatu ba, ɓingel am, 'yata, amma shekara nawa ina yin tsiro. Roba ɗaya ne, magani ba ɗaya ba.”

Sai a lokacin na ga kemis ɗin a idona, da babbar robar, da 'yar ledar mai layin biro, da hannuna yana juyewa. Na zauna a bakin gado. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun farko.

“Na faɗa. Na ce garin ya canza. Kina sa takalmi, kin ce na likita ne.”

Gaskiya ne. Na tuna safiyar, na tuna ko juyowa ban yi ba.

Na zari mayafi na fita. Mai kemis ya gan ni a birkice ya zaci rigima na zo yi. Na ce ba abin da nake so sai ya sauko mini da babbar robar nan. Na fito da ita bakin shago inda haske yake, na bi ƙananan rubutun da yatsa, layi bayan layi. Can kusa da ƙarshe ga shi nan: tsiron sha'ir. A ƙasa kuma an ƙara da cewa yana ɗauke da gulutin. Ba a ɓoye ba, ba a dai karanta ba ne.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Ni ce na cuci 'yata da hannuna kusan wata biyu, ya kamata in ji kamar in mutu. Amma abin da ya fara zuwa mini sanyi ne, tun daga kai har ƙafa. Tsohuwar cutarmu ce, wadda muka sani, ba wani abu daban ba. Na tsaya a bakin titi ina dariya hawaye na zuba, mai kemis yana ta cewa, “Anti sorry, wallahi ban san akwai masu irin wannan problem ba.” Ban ma iya yi masa faɗa ba, ni da faɗa ba ya yi mini wuya. Na ɗauki hoton rubutun da wayata na tafi.

Ranar Litinin, maimakon tasha, asibiti muka nufa. Na nuna wa likita hoton, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya cire tabarau ya murza ido. Bai ce lallai shi ne ba, likitoci ba sa saurin cewa haka. Ya ce a daina ba ta, a jira mako shida, in ba ta farfaɗo ba tafiya tana nan. Ya kuma ce daga yau duk maganin da za ta sha, ko na ciwon kai ne, ya zo a cikin kwalinsa na asali. Yarinyar ta tambaye shi da kanta, “Ba za a sa mini igiyar ba?” Ya ce, “Yau dai babu.” Ta riƙe hannuna har muka fita.

Mako shidan nan na yi su ina kallon hannun hagunta. A mako na biyu gudawar ta tsaya. A na uku ta nemi ƙarin tuwo. Ba mu yi tafiyar ba, har yau kuma ba mu yi ba. Na koma wurin mai injin niƙa da masarata, na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na yi masa faɗa a gabansu. Ya yi dariya ya ce, “Ni ya sani za ka dawo, madam.”

Na Dada ne ya fi mini nauyi. Tun ranar Asabar ɗin na so in yi, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai bayan mun dawo daga wurin likita na shiga ɗakinta, na durƙusa, na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, uwa ce ni, tsoro ne. Sannan ta ɗaga matashinta ta ciro ledar burodin nan, ta kwance ƙullin a gabana. Goro ne a ciki, guda biyar, nannaɗe da ɗanyen ganye.

“Ledan yana da kauri, ba ya barin goro ya bushe,” ta ce. “Maƙwabciya na roƙa.”

Na ce to burodinta na safe fa, a ina take ci? Don na lura ban ƙara ganinsa a gidan ba, na ɗauka a ɗaki take ɓoyewa saboda ni.

“Tun ranar da kuka dawo da takarda ban ci ba. Yaya zan ci tana kallona?”

Shekara biyu ke nan. Kullum ina wucewa ta gabanta da safe tana shan shayinta, ban taɓa duba abin da ke gefen kofin ba.

Robar mai koren murfi na jefa ta a shara, mazubi na farko da na taɓa yarwa da gangan. Washegari na gan ta a kan tagar Dada. Ta tsince ta, ta wanke, ta kankare takardar jikinta da wuƙa tas, ta zuba alluranta na ɗinki.

Yarinyar yanzu tana aji biyu a sakandare, ita take karanta jikin ledojinta da kanta, ta ma fi ni fitina. Kwanan baya awarwaron ya matse ta har ya fara yi mata shaida a fata, ya ƙi fita ko da sabulu. Dada ce ta kai ta wurin maƙeri aka buɗe shi. Da suka dawo ta miƙo mini shi a hannu, ta koma ta zauna ta ci gaba da shan shayinta, ba burodi.